Yadda Ake Gano Inda Jirgi Yake a Teku da Sekstan, Mataki-mataki

Tun da na ambaci cewa har yanzu akwai matuƙan jirgin ruwa da ke ajiye sekstan, na'urar auna tsayin rana da taurari, a akwati kusa da na'urar GPS, masu karatu ke ta maimaita mini tambaya ɗaya: idan mutum ya riƙe abin a hannu, daga ina yake farawa, kuma ta yaya rana za ta gaya masa inda yake? Ga amsar daki-daki. Zan fi zama a kan rana, domin da ita kowa ke koyo, taurari su zo daga baya.

Aikin a dunƙule shi ne ka auna yadda rana ta ɗaga sama da ufuƙi, wato layin nan da sama ke taɓa ruwa, ka rubuta lokacin har da sakan, sannan ka gwada abin da ka auna da abin da littafi ya ce. Lambobi biyu za ka haddace kafin komai. Digiri ɗaya minti 60 ne na kusurwa, kuma kowane minti ɗaya mil ɗaya ne na teku, wato mita 1,852. Na biyu, duniya na juya digiri 15 a kowace awa, don haka kuskuren sakan 4 a agogonka na iya kai ka mil guda daga inda kake.

Kayan da za ka tanada

Sekstan iri biyu ne a kasuwa. Akwai na roba, irin su Davis Mark 15, akwai na ƙarfe, irin su Astra IIIB, Tamaya da Cassens & Plath. Na ƙarfe ya ninka na roba tsada sau da yawa. Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara da na roba, domin hannunsa da idonsa za su yi kuskuren da ya fi na na'urar girma har tsawon watanni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƴan sekstan ɗin tagulla masu ƙyalli da ake sayarwa don ado a kan tebur. Kada ka ɓata kuɗinka a kansu, ba sa auna komai.

Bayan na'urar kana buƙatar Nautical Almanac na shekarar da kake ciki, almanak ɗin da ke nuna inda rana, wata da taurari suke a kowane lokaci, wanda hukumomin Amurka da Birtaniya ke fitarwa tare duk shekara. Shi ne kuɗin da za ka riƙa kashewa shekara-shekara. Sai agogon hannu mai nuna sakan, kalkuleta mai maɓallan sin da cos, taswirar teku ko takardar zane, fensir mai tsini, rula, ma'aunin kusurwa, da ƙaramin littafin rubutu wanda ba a komai a cikinsa sai wannan aiki.

Mataki na 1: San sassan na'urar

Bakan da ke ƙasa kashi ɗaya ne cikin shida na da'ira, digiri 60, amma an rubuta masa har 120, saboda hasken na bi ta madubi biyu kafin ya iso idonka. Hannu mai motsi yana zamewa a kan bakan, kuma a samansa aka ɗaure babban madubi. Ƙaramin madubi yana gaban bututun hange: a yawancin na'urori rabinsa madubi ne, rabinsa gilashi zalla, domin ka ga ufuƙi kai tsaye ta gefe ɗaya, ka ga hoton rana ta ɗaya gefen. A ƙasan hannun akwai maɗauri da ake matsewa don hannun ya sake, da ƴar ganga da ake murɗawa. Zagaye ɗaya na gangar digiri ɗaya ne. Sai gilasan duhu, rukuni ɗaya a gaban kowane madubi.

Gargaɗi: ka riƙa ɗaga na'urar daga akwati ta jikin firam ɗinta. Kada ka kama hannu mai motsi ko madubi. Ka rataya igiyarta a wuya kafin ka miƙe tsaye.

Mataki na 2: Duba madubai, ka auna kuskuren sifili

Duba uku ake yi, kuma a jere suke. Da fari ka kai hannun wajen digiri 35, ka kwantar da na'urar, ka leƙa cikin babban madubi. Bakan gaske da hotonsa su zama layi ɗaya ba tsinkewa. Na biyu, ka mayar da komai sifili, ka kalli ufuƙi, ka karkata na'urar hagu da dama. Idan layin ya karye sa'ad da ka karkata, ƙaramin madubi ya ɗan jirkice gefe. Waɗannan biyun da ƴan kusoshin da ke bayan madubai ake gyara su.

Na ukun shi ne auna kuskuren sifili, wanda za ka riƙa yi kullum. Ka kalli ufuƙi na'urar na tsaye daidai, ka murɗa ganga har rabin hagu da rabin dama su haɗu su zama layi ɗaya, sannan ka karanta. Idan ganga ta nuna 2.0', kuskuren yana kan baka, za ka riƙa debe minti 2 daga duk abin da ka auna. Idan ta nuna 58.0', ya faɗa bayan sifili da minti 2, sai ka riƙa ƙarawa.

A nan na taɓa yin kuskuren da ya koya mini rubuta alama. Na sami 2.5' a kan baka, na rubuta lambar kawai ban sa alamar debewa ba. Da na zauna lissafi sai na tara. Layina ya kauce mil 5 daga bakin gaɓar da nake tsaye a kai, na kwashe kusan awa ina zargin agogo da littafi kafin na gano cewa alama ɗaya ce ta ɓata aikin. Tun daga ranar nake rubuta kalmar "debe" ko "ƙara" ɓaro-ɓaro kusa da lambar.

Gargaɗi: idan kuskuren bai wuce minti 2 ko 3 ba, ka bar kusoshin nan su huta, ka gyara a lissafi. Yawan murɗa su na sa su yi sako-sako. Mai na'urar roba kuma ya auna kuskuren kafin aiki da bayan aiki, domin zafin rana na sa robar ta motsa.

Mataki na 3: Daidaita agogo

Almanak ba ya magana da lokacin kowace ƙasa, lokacin Girinwich da ke Landan kawai ya sani, wanda yake rubutawa UT. Ka ware agogo ɗaya, ka saita shi a kan UT, kada ka sake taɓa shi. Duk lokacin da ka sami siginar lokaci ta rediyo ko GPS, ka rubuta sakan nawa ya yi gaba ko baya. Agogon da ke gudu da sakan ɗaya kowane kwana uku ba shi da laifi, muddin ka san haka yake yi. Ka lura da kwanan wata ma: idan kana nesa gabas ko yamma, kwanan Girinwich na iya bambanta da naka, kuma nasa ake buɗewa a littafi.

Mataki na 4: Sauko da rana

Gargaɗi, kuma wannan ya fi duk sauran nauyi: kada ka taɓa kallon rana ta bututun hange ba tare da gilasan duhu ba. Ƙiftawa ɗaya ta isa ta ƙona ido har abada. Ka fara da rufe dukkan gilasan, na sama da na ƙasa, sannan ka rage ɗaya-ɗaya har rana ta fito kamar farin faifai mai kaifin baki wanda ba ya sa ka runtse ido. Gilashin da ya tsage ko ya goge, ba a aiki da shi.

Ka nemi wurin da za ka tokare ƙugunka da ƙafafunka, daga ƙugu zuwa sama ya zama a sake. Ka sa hannun a sifili, ka saita rana. Sai ka matse maɗauri, ka riƙa sauke na'urar a hankali kana tura hannun gaba, hoton rana na nan a cikin madubi bai kuɓuce maka ba, har ufuƙi ya bayyana. A nan za ka ɗage gilasan duhun ƙasa idan sun hana ka ganin ruwa. Ka saki maɗauri, ka koma kan ganga, ka murɗa har gindin rana ya zauna a kan layin ruwa.

Saura abin da ke bambanta gwani da sabon shiga. Ka lanƙwasa wuyan hannunka kaɗan hagu da dama, za ka ga rana na lilo kamar guga a bakin igiya. A ƙarshen gangarowar lilon ne kawai na'urar ke tsaye cak, kuma a nan ake so gindin rana ya shafi ufuƙi, kada ya nutse, kada ya bar tazara. Wanda bai yi wannan lilo ba, kusurwarsa kullum za ta fi ta gaskiya girma. A ƙaramin jirgi ka jira igiyar ruwa ta ɗaga ku sama kafin ka yanke, domin idan kuna cikin kwari, bayan wata igiya za ka ɗauka ufuƙi ne. Ka kuma saba da ƙarasa murɗa ganga ta gefe ɗaya ko da yaushe.

Da zarar ya shafa, ka ce "yanzu", abokin aikinka ya rubuta lokaci, sakan da fari, sannan minti, sannan awa. Idan kai kaɗai ne, ka fara ƙirga sakan a zuci har idonka ya kai kan agogo, ka debe su. Lokaci ake fara kamawa, kusurwa tana nan a kan na'ura ba inda za ta.

Mataki na 5: Karanta, ka maimaita

Digiri daga baka, minti daga ganga, kashi goma na minti daga ƴan layukan da ke gefen ganga. Idan ganga na nuna 57 ko 58, alamar baka za ta yi kamar ta kai digiri na gaba, alhali ba ta kai ba. Wanda ya ruɗe a nan ya tafi mil 60. Ka auna sau biyar a jere cikin ƴan mintuna, ka jera su a takarda, ka jefar da wanda ya fita daga sahu.

Mataki na 6: Gyara kusurwar

Abin da ka karanta ɗanye ne, sai ya bi ta gyara uku, a jere. Na farko kuskuren sifili. Na biyu tsayin idonka daga ruwa: mutum na ƙara hawa, ufuƙi na ƙara sauka, don haka wannan debewa ake yi ko da yaushe. Lissafinsa 1.76 sau tushen murabba'in tsayin a mita. Mita 3 na ba da kusan minti 3.0, mita 9 kuma 5.3. Na uku ya haɗa abu biyu: iska na karkatar da haske ta sa rana ta yi kamar ta fi inda take tsayi, sannan kai gindinta ka auna alhali tsakiyarta ake so, tazarar kuwa kusan minti 16 ce. Almanak ya haɗe su a tebur ɗaya a farkon littafin, sashe ɗaya na Oktoba zuwa Maris, ɗaya na Afrilu zuwa Satumba.

Ga misali da lambobin gwaji, a ce 21 ga Yuni ne. Na'ura ta nuna 73°02.8'. Kuskuren sifili 2.0' a kan baka, an debe, saura 73°00.8'. Ido na mita 3, an debe 3.0', saura 72°57.8'. Tebur ya ce a ƙara 15.6', an sami 73°13.4'. Wannan ita ce gyararriyar kusurwa, ana rubuta ta Ho.

Gargaɗi: ka guji rana idan ba ta kai digiri 15 ba. Karkatar haske kusan minti 1 ce a digiri 45, ta haura 5 a digiri 10, ta kai kusan 34 a bakin ufuƙi, kuma a can ƙasa zafi da sanyin iska na sauya ta yadda tebur ba zai kama ba.

Mataki na 7: Latitud da tsakar rana

Wannan ne awo mafi sauƙi, kuma da shi nake so kowa ya fara, domin ba ya neman agogo mai kaifi. Ka fito kamar minti 20 kafin zawali, ka riƙa bin rana tana hawa kana murɗa ganga. Hawan zai yi ta raguwa har ta tsaya kamar an rataye ta, sannan gindinta ya fara nitsewa cikin ruwa. Kada ka bi ta ƙasa. Lamba mafi girma da ka samu ita ce taka.

Ka debe Ho daga digiri 90. A misalinmu, 90° a debe 73°13.4' ya bar 16°46.6'. Wannan ita ce tazarar da ke tsakaninka da wurin da rana ke saitin kai a doron ƙasa, wanda nake kira ƙafar rana. Sai ka buɗe almanak a ranar da awar, ka ɗauki lambar da ke ƙarƙashin Dec, wato latitud ɗin ƙafar rana. A 21 ga Yuni tana wajen 23°26.2' arewa. Rana na kudu da mu, mu ke nan muna arewa da ƙafarta, sai a tara: 40°12.8' arewa.

Ana koyar da ƙa'idoji na yaushe ake tarawa, yaushe ake debewa, amma ni na fi amincewa da zane. Ka ja layi tsaye, ka sa ikweta a tsakiya, ka ɗiga ƙafar rana, ka tambayi kanka: da na auna, arewa nake fuskanta ko kudu? Ka ɗiga kanka a ɗaya ɓangaren. Amsar za ta fito da kanta.

Mataki na 8: Layin matsayi a kowane lokaci na yini

Ba kullum gajimare ke barin ka ga zawali ba, shi ya sa wannan matakin ya fi amfani. Dabarar ita ce ka zaɓi wani wuri na zato kusa da inda kake tsammanin jirgi yake, ka lissafa tsayin da rana za ta yi da a ce a can kake, ka gwada da abin da ka auna.

Ka ɗauki GHA na awar daga almanak, wato nisan ƙafar rana yamma da Girinwich. Ka ƙara na mintuna da sakan ɗin da suka hau daga teburin da ke ƙarshen littafin: kowane minti na agogo 15' ne, kowane sakan 0.25'. Ka ɗauki Dec. Sannan ka fitar da LHA, wato nisan ƙafar rana yamma da lonjitud ɗinka: idan lonjitud ɗinka na yamma ne ka debe shi daga GHA, idan na gabas ne ka ƙara, idan ya haura 360 ka zubar da 360.

A ce muna Tekun Atlantika wajen 40° arewa, 30° yamma, da la'asar, GHA ta fito 75°20.0', Dec 23°26' arewa. Ka zaɓi lonjitud na zato 30°20.0' yamma domin LHA ta fito cif, 45°. Sai kalkuleta, Hc shi ne tsayin rana na lissafi, Lat kuma latitud na zato, 40°:

sin Hc = sin Lat × sin Dec + cos Lat × cos Dec × cos LHA

Amsar ita ce Hc 48°49.1'. Don sanin shiyyar da rana take, wato Z:

cos Z = (sin Dec − sin Lat × sin Hc) ÷ (cos Lat × cos Hc)

Z ya fito kusan 100°. Da yake LHA ba ta kai 180 ba, rana ta riga ta karkata yamma, sai a debe daga 360, a sami 260° daga arewa ta gaskiya. Da a ce da safe ne, da Z ɗin za a ɗauka yadda yake.

Gargaɗi: kalkuleta ba ta san minti ba sai ka raba da 60. 23°26' shi ne 23.433, wanda ya danna 23.26 ya ɓata komai. Ka tabbata tana kan DEG, wato digiri. Latitud ko Dec na kudu kuma da alamar debewa ake shigar da su. Wanda ba ya son kalkuleta na iya amfani da littattafan tebur da ake kira Pub. 249 ko Pub. 229, amsa ɗaya suke bayarwa.

A ce Ho ɗinka 48°55.1' ne. Ya fi Hc da minti 6, mil 6 ke nan. Idan abin da ka auna ya fi na lissafi, ka fi wurin zato kusa da rana. Ka tuna mutumin da ke tunkarar doguwar bishiya: yana matsowa, yana ƙara ɗaga kai. Idan Ho ya gaza Hc, nesa da rana za ka ja.

Mataki na 9: Zana shi a taswira

Ka ɗiga wurin zato. Ka ja siririn layi daga nan zuwa 260°. Ka auna mil 6 a kansa wajen rana, da ma'aunin latitud da ke gefen taswira. Kada ka auna da na sama ko na ƙasa, na lonjitud ne, ba mil ba ne. A inda mil 6 ya ƙare ka ja layi mai gicciye shi daidai digiri 90. Jirginka na kan wannan layin, amma layi ɗaya bai faɗi a ina ba.

Ka jira awa uku ko huɗu rana ta sauya shiyya, ka sake awo, ka sami layi na biyu. Tunda jirgi ya yi tafiya a tsakani, ka ɗauke layin farko ka matsar da shi gaba daidai nisan da kuka yi da shiyyar da kuka bi, ba tare da ka karkata shi ba. Mahaɗar layukan nan ne wurinka. Tsarin da aka saba shi ne awo da hantsi, latitud da zawali, awo da la'asar. Layukan da suka gicciye da ƙasa da digiri 30 ba su da tabbas, kuskure kaɗan na jan mahaɗarsu nesa.

Mataki na 10: Taurari

Almanak na ɗauke da taurari 57 na tuƙi, irin su Sirius, Canopus, Vega da Arcturus. Amfaninsu shi ne ka sami layi uku cikin ƴan mintuna, ba jiran awanni. Wahalarsu lokaci ne: sai da almuru ko da jijjifi, sa'ad da taurari suka fito kuma ufuƙi bai ɓace ba, abin da ba ya wuce minti 20 zuwa 30, kusa da ikweta ma bai kai haka ba. Don haka tun da rana za ka lissafa tsayi da shiyyar taurari uku da suka kewaye ka, tsakaninsu kamar digiri 120. Lokaci na yi ka saita na'ura a kan lambar, ka juya shiyyar, tauraron zai faɗo cikin madubi tun ido bai gan shi sosai ba. GHA ɗin tauraro shi ne GHA na Aries, wato sifilin da ake auna taurari daga gare shi, a tara da SHA ɗinsa, wato nisansa yamma da wannan sifilin. Duka biyun suna cikin almanak. Ba a ƙara masa minti 16 ɗin nan, ɗigo ne ba faifai ba. Wata kuwa ka bar shi sai hannunka ya faɗa, gyaransa kaɗai na iya kusan kai digiri guda.

Idan babu teku kusa da kai

Tafki ya isa idan ɗaya gaɓar ta ɓace wa ido: mai tsayin ido mita 3 na ganin ufuƙi a kusan mil 3.6. Idan babu, ka zuba ruwa ko baƙin mai a faffaɗan faranti, ka ajiye inda iska ba ta kaɗa shi. Ka kalli hoton rana a cikin farantin ta gilashin ƙaramin madubi, da gilasan duhu a rufe sama da ƙasa, domin hoton ma na ƙona ido. Ka sauko da rana ta hau kan hoton nata daidai wa daida. Ka gyara kuskuren sifili tukuna, sannan ka raba biyu. Babu gyaran tsayin ido, babu minti 16, sai karkatar haske kawai. Wannan hanya na aiki ne muddin rana ba ta wuce digiri 60 ba, iyakar abin da baka zai ɗauka ke nan.

Ka yi haka a wurin da ka san latitud da lonjitud ɗinsa, ka ɗauke shi a matsayin wurin zato, ka riƙa rubuta tazarar Ho da Hc kowace rana a shafi ɗaya. A makon farko mil 10 ko 15 ba abin damuwa ba ne. Idan tazarar na fita gefe ɗaya kullum, ka koma kan kuskuren sifili ko agogo. Idan tana tsalle nan da can, hannunka ne da lilon da ba ka yi ba. Ranar da awo biyar a jere suka zauna cikin mil 2 ko 3, ka ɗauki na'urar ka hau jirgi da ita.